Hannun da Ba Ya Shiga Safa

Yayana Teuvo ya fi kowa iya sa kaya a duk Suomussalmi, garinmu na can arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Ba kwalliya nake nufi ba. Mutumin da ya je ɗaurin auren 'yarsa da wandon da ya je jana'izar babanmu da shi, ai ba a kawo maganar kwalliya kusa da shi. Kayan sanyi nake nufi: me za a sa a fata, me za a ɗora a kai, me za a bari a mota. Jikinsa duka ya san yadda zai kare shi, ban da hannu ɗaya, na dama. A kan wannan hannun muka yi rigimar da ta fi kowace rigima tsakaninmu. Ni ce ƙanwarsa, Irmeli, a gabana aka yi komai, har da hannuna a ciki, don haka ni zan faɗa.

Yana da shekara goma sha biyar ya bi babanmu daji sarar itace, ya kuma yi shekara arba'in da ɗaya yana rungume da zarto mai inji. A dajin ya koyi sanyi. Ba wanda ya zaunar da shi ya karantar da shi. Ka ga abokin aikinka ya yi gumi da hantsi, da la'asar ka ga an ɗauke shi a mota haƙoransa na karo da juna, ai ba sai an maimaita maka ba. Ya auri Aune, suka haifi 'ya ɗaya, Tuulikki, wadda yanzu take birnin Tampere da nata iyalin. Da bayansa ya gaza aka sallame shi daga aiki, ya dawo gida ya zauna a bakin taga yana duban ma'aunin sanyi kamar wanda aka ba gadinsa. Aune ta taɓa ce mini, "Irmeli, don Allah ki zo ki ɗauke yayanki. Tun safe sau shida yana gaya mini sanyin yau."

A shekarar da aka sallame shi ne hukumar gari ta kakkafa kwanduna goma sha takwas a dajin da ke bayan filin wasanni, kwandunan ƙarfe da sarƙoƙi a rataye, na wasan jifa da faifai. Teuvo ya wuce ya ga mutane suna jefa faifan roba suna bin sa cikin itatuwa, ya dawo gida yana tsaki, wai manya da gemu sun rasa abin yi. Abokinsa Reino, wanda suka yi sara tare tun suna samari, shi ya ja shi da ƙyar wata Lahadi. Reino ya ce a kwando na huɗu faifan Teuvo ya ratsa tsakanin itatuwa biyu, ya daki sarƙa ya faɗa ciki. Teuvo ya dubi kwandon ya ce, "Ba laifi." Duk wanda ya san yayana ya san wannan a wurinsa ihu ne. Tun daga ranar, shekara goma sha huɗu, bai yi fashin Lahadi ko ɗaya ba.

Ni daga baya na shiga. Shekara talatin na yi ina girki a makarantar firamare, da na ajiye aiki na ce zan riƙa kai musu kofi a fulas. Na duba na ga abin ba wuya: ka jefa, ka je inda ya faɗi ka sake jefawa har ya shiga kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. To, da wuya, amma ban gaya musu ba. Muka zama mu uku, ni da shi da Reino, ƙarfe goma sha ɗaya na kowace Lahadi, tunda a watannin sanyi hasken rana bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba.

Masu zuwa da bazara suna da yawa. Masu zuwa cikin ƙanƙara kuwa ba mu kai goma ba, kuma duk wanda ya shigo sabo sai ya bi ta hannun Teuvo a wurin ajiye motoci. Ba ya tambaya. Hannu kawai zai zura a wuyan rigar mutum ya taɓa abin da ke jikin fata. In ya ji auduga sai ya ce, "Koma gida." Auduga tana shan gumi ta riƙe, in ji shi, daga nan ta koma jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Ulu ake sawa a fata, siriri, mai kama jiki. A ɗora wani ulun mai ɗan kauri. A rufe da jaket marar nauyi wadda iska ba ta ratsawa, mai faɗin kafaɗa don hannu ya samu juyawa. Safar ƙafa biyu, takalmi ya fi ƙafa girma da lamba ɗaya don yatsu su yi motsi. Hula ta rufe kunne. Shi ke nan, riga uku, ba ƙari.

Babbar dokarsa ita ce wadda mutane suka fi ƙi: dole ka ji sanyi a kwandon farko. In kana tsaye a bakin mota kana jin ɗumi, to kayanka sun yi yawa, cire ɗaya. "Tafiya za ta ɗumama ka," yake cewa. "Ba sanyin ne abin tsoro ba, gumi ne. Ka jiƙe, ka tsaya, an gama da kai." Na taɓa ganin wani malamin lissafi, mutum mai shekara hamsin, yana tuɓe suwaita a sanyi goma sha biyar ƙasa da sifili, jikinsa na ɓari, yana zagin yayana ƙasa-ƙasa. A kwando na biyar ya zo ya ba shi hannu.

Faifai ma yana da nasa shirin. Wanda ya nutse a ƙanƙara ba a sake ganinsa sai ta narke, don haka kowace Asabar Teuvo yakan zauna a kicin ya manna wa kowanne ɗan dogon ƙyalle ja da salatif. A ɗaki mai ɗumi ake yi, don salatif ba ya kamawa a sanyi. In faifai ya nutse, jelar ƙyallen ake nema.

Abu ɗaya ne ba ya shiga safa, shi ne hannun jifa. Duk masu wasan haka suke yi: hagu a safa, dama a aljihu, a fito da shi a jefa a mayar. Sai dai na Teuvo ba ya saurin komawa. Da shi yake share faifai, da shi yake jin ta inda iska ke zuwa, da shi yake lalube a ƙanƙara in ƙyalle ya ɓata, wai yatsa ya fi ido gani. Aune tun tuni ta daina saƙa masa safa biyu. Ta hagu kawai take yi, ta ce ba za ta ɓata ulunta a banza ba.

Aune ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ranar Alhamis. Ran Lahadi ya tafi daji. Na ji haushinsa sosai, na kwana biyu ban yi masa magana ba. Daga baya na gane ba shi da wani wurin zuwa. Gidan ya yi masa faɗi, ba ya shan giya, ba ya zuwa coci sai an yi mutuwa, kuma shi ba mai hira ba ne. Lahadin nan ce take riƙe masa sauran kwana shidan.

A kakar bara yatsunsa suka fara yin fari. Ba sabon abu ba ne ga masu sara, girgizar inji ce ke lalata hanyoyin jini, amma nasa ya yi tsanani. Firij ma in ya buɗe sai manuniya da na tsakiya su koma fari fat, su mutu, sai bayan rabin awa su dawo da zogi. Ni na kai shi asibiti, na kuma bi shi har ɗakin likita, don na san in ya shiga shi kaɗai zai fito ya ce an ce lafiyarsa ƙalau.

Likitar yarinya ce, ba za ta kai Tuulikki ba. Ta dudduba, ta danna farce ta jira jini ya dawo, bai dawo da wuri ba.

"Baba, da ƙyar jini yake kaiwa nan," ta ce. "In sanyi ya wuce goma ƙasa da sifili, kada hannun nan ya fita waje tsirara. Ko na minti biyu."

"Jifa bai kai minti biyu ba."

"Wane jifa?"

Na yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce ita ma tana taɓawa da bazara. Sai ta daina dariyar ta dube shi. "In suka daskare sosai sau ɗaya, ba lallai su dawo ba. Yankewa za a yi. Ka ji ni?"

"Na ji," in ji shi. A mota ya ce, "'Yar wasan bazara ce. Me ta sani?"

"Ta san yatsa," na ce. "Kai kuma taurin kai ka sani."

In ba shi haƙƙinsa, ya gwada safa. Ta fata, ta roba, ta masu kamun kifi, har da wata da Tuulikki ta aiko. Faifan ya riƙa kuɓucewa kafin lokaci, ko ya maƙale ya tafi inda ba a aike shi ba. Reino kuwa ba ya barin ko ɗaya ta wuce. "Tsoho, me itacen nan ya yi maka? Shekara arba'in kana sare su, yanzu kuma ka koma jifansu?" A kwando na tara Teuvo ya cire safar ya cusa a aljihu, ban kuma sake ganinta ba.

Na koma gida na zauna da abin. Hana shi fita ba zai yiwu ba, kuma in zan faɗi gaskiya ni ma ban so ya daina ba, don na san yadda gidan nan yake in ba inda za shi. Sai na ɗauko tsohuwar rigar fatar tunkiya ta Aune na yanka, na ɗinka masa jaka mai baki biyu wadda ake ɗaurawa a ƙugu, gashin yana ciki. Na ɗinka 'yan buhuna biyu na cika su da tsabar alkama, a ɗumama a tanderu kafin a fita, a jefa cikin jakar. Sharaɗina ɗaya ne: hannu yana ciki, ya fito ya jefa, ya koma. Share faifai aikina ne. Lalube aikin Reino ne, kuma da sanda.

"Na zama matar fasto," in ji shi da ya duba kansa, don irin jakar da manyan matan da ke zuwa coci da ita ce. Amma ya ɗaura. Nuwamba ta wuce lafiya, Disamba ma haka. Ɗumin alkamar yana kai awa ɗaya da rabi, mu kuma ba ma wuce hakan da yawa wajen gama zagaye. Har na fara jin na yi dabara.

Lahadi ta biyu a Janairu ma'auni ya nuna ashirin da uku ƙasa da sifili, bayan an kwana biyu ƙanƙara na zuba. Na isa gidansa ƙarfe goma da wata suwaita mai kauri a hannu, irin wadda ake zaman kamun kifi a kan daskararren tafki da ita. Na same shi a bakin ƙofa ya gama shiri, riga uku kamar kullum.

"Yaya, yau dai mu haƙura."

"Ke ki haƙura."

"To ka ƙara wannan."

Ya dubi suwaitar, ya dube ni. "Kin taɓa ganin na sa huɗu?"

"Ban taɓa ganinka da shekara saba'in ba sai bana."

"Ƙanƙarar yau ta kai gwiwa, ba wanda ya taka ta. Tafiyar kaɗai ta isa."

"Teuvo, ko ka sa, ko in kira Tuulikki yanzun nan in gaya mata abin da likita ta ce."

Tuulikki ta san yatsun babanta na ciwo, amma ba ta san an ambaci yanka ba, kuma ya roƙe ni kada in gaya mata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya cire jaket ya zura suwaitar. Lissafina a lokacin mai sauƙi ne: in jiki ya yi ɗumi, hannu ma zai samu. Shekara goma sha ɗaya ina jin dokarsa, na haddace ta, na sha koya wa wasu. Amma tsoro ya kama ni, ni kuwa in tsoro ya kama ni abin da na iya shi ne in ƙara wa mutum abinci ko in ƙara masa riga.

Mu uku ne kawai a dajin. Teuvo a gaba yana fasa hanya, don ba ya yarda wani ya fasa. Kafin kwando na biyar na ga tururi na tashi daga wuyansa. Ya zuge jaket ɗin ƙasa, na ce ya mayar. Ya cire hula, na ce ya mayar. Ya mayar. Ƙanƙarar ta cinye mana lokaci. Awa ɗaya da rabi ta same mu muna kwando na goma.

Na goma sha ɗaya a bakin tafki yake, fili ne, ba itacen da zai tare iska. Nan muka tsaya jiran Reino yana neman nasa faifan, kusan minti goma muna tsaye. Yanzu na san abin da ya faru a mintunan nan. Ulun da ke bayansa ya jiƙe sharkaf, iska ta bi ta kai, jiki ya ji sanyi ya janye jininsa ciki ya bar yatsu, alkamar kuma ta riga ta huce. A lokacin ban ga komai ba sai yayana tsaye da hannu a jaka, yadda na ce ya yi.

Ya jefa. Faifan ya kauce dama ya nutse a tulin ƙanƙarar da iska ta tara a gindin gangare, har da ƙyallen. Na tsaya a sama ina nuna musu inda na ga ya shiga, su biyu suka sauka, gangaren ya ɓoye mini su. Abin da ya faru a ƙasan, Reino ne ya gaya mini bayan sati uku, a kicin ɗina, idonsa a kan tebur.

Sanda ba ta taɓo komai ba. Teuvo ya durƙusa ya zura hannu har gwiwar hannu, ya yi ta lalube har ya fito da faifan. Da ya duba, yatsun sun yi fari. Reino ya ce, "Goga musu ƙanƙara, maza." Teuvo ma ya riga ya ɗebo. Haka babanmu ya koya masa, haka baban Reino ya koya wa Reino, haka aka koya wa duk wanda ya yi sara a dajin nan: wurin da sanyi ya kama, a murza shi da ƙanƙara har ya yi ja. Takardar da likita ta ba mu ta hana wannan da manyan baƙaƙe. Ni na karanta ta, shi kuwa a ƙarƙashin tukunyar fure ya sa tasa. Suka yi ta murza, yatsun ba su yi ja ba. Ya mayar da hannun a jiƙe cikin jakar da ta huce, ya ce wa Reino, "Kada ka gaya mata."

Suka hauro. "An samu?" na ce. "An samu," in ji shi. Muka yi sauran kwanduna bakwai. Jifansa ya lalace, ya riƙa saki da wuri, ni kuma har ina yi masa tsiya, ina cewa suwaitata ce ta yi masa nauyi. Wannan tsiyar har yau ban yafe wa kaina ita ba.

A ƙarshen zagaye akwai rumfar katako da wurin hura wuta, nan muke gasa sosej, wato niƙaƙƙen nama a hanji, mu sha kofi. Na zuba masa, ya miƙo hannun dama yadda ya saba, kofin ya zame ya faɗi. Bai ma ji ya taɓa shi ba. Na kama hannun. Manuniya da na tsakiya sun koma kamar kyandir, fari da tauri, na danna ba su lotsa ba.

"Tun yaushe?"

"Ɗazu."

"Tun yaushe, Teuvo?"

"Tun na goma sha ɗaya," in ji Reino.

Ban yi faɗa ba, kuma abin da ya ba su tsoro ke nan. Na buɗe jaket ɗina na sa hannunsa a hammatata, muka taka zuwa mota a haka. Reino ya tuƙa.

A asibiti suka sa hannun a ruwan ɗumi. Na ga yayana ya karya ƙafa a daji yana saurayi bai ce uffan ba, amma ranar ya kifa kansa a bakin kwanon yana nishi. Da ma'aikaciyar jinya ta tuɓe masa kaya ta ɗaga rigar ciki, a jiƙe take jagab. "Baba, wa ya sa maka kaya da yawa haka?" ta ce. Ya mayar da idonsa kan kwanon. Ni kuma na ɗauke suwaitar na naɗe ta.

Aka ce sai an jira a ga naman da zai rayu da wanda ya mutu. Sati shida muka jira. Yatsun suka kumbura, suka yi bororo, suka fara baƙi daga sama. Tuulikki ta zo ta yi kuka, ta wanke ni tas a kan ɓoye mata da na yi, kuma tana da gaskiya, sannan ta koma bakin aiki. Lahadi ta farko da bai fita ba na kai masa miyar kifi, na same shi ƙarfe goma sha ɗaya zaune a kujera da takalman daji a ƙafarsa. Ban tambaye shi ba. Na ɗora tukunya a wuta na tsaya ina juya miyar da ba ta bukatar juyi.

A ƙarshen Fabrairu aka tura shi babban asibiti a Kajaani, aka yanke biyun daga gaɓar tsakiya. Su ne yatsun da ke kama bakin faifai. Ba sai wani ya gaya mana abin da hakan ke nufi ba.

Duk tsawon lokacin nan ban ambaci suwaitar ba. Kullum ina gidansa, in wanke kwanuka, in yanka masa burodi, in sa masa maɓalli, muna maganar hanya da ta maƙwabta. Ni da bakina ba ya rufuwa, na rasa ta inda zan fara. Wata Laraba ina canza masa bandeji, kaina a sunkuye, sai kawai maganar ta fito.

"Da ban sa ka ƙara rigar nan ba."

Ya dubi bandejin.

"Gaskiya ne," ya ce. "Rigar ta yi yawa."

Na so ya ce ba komai. Wallahi na so. Amma Teuvo, duk da yana ɓoye ciwonsa, bai taɓa lallashina da ƙarya ba.

"Ke kika ƙara riga," ya ce. "Ni na zura hannu. Reino ya ce a goga. Mu uku ne, kowa da rabonsa. Ki ɗauki naki kawai, ki bar mini nawa. Ja bandejin nan, ya yi sako-sako."

Na ja. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na dafa kofi.

Na sha juya abin a raina. Ba rashin sani ne ya ci mu ba, duk mun sani. Ni na san dokar riga uku, su sun san likita ta fi iyayensu sanin jini. Amma da abin ya zo wuya, kowa abin da ya gani a gida ya ɗauko. Mamarmu in ɗayanmu ya yi tari sau ɗaya sai ta lulluɓe shi har ya kasa numfashi, ni ita na ɗauko. Su kuma suka ɗauko babanninsu, mutanen da suka fi shekara talatin a kabari. Har yanzu ina jin haushin Reino, ina jin haushin Teuvo, na kaina ya fi, amma na daina neman wanda zan ɗora wa duka.

Lahadi ta ƙarshe a Maris rana ta fito sosai, sanyi takwas ƙasa da sifili. Ƙarfe goma ya buga mini waya. "Ki zo. Kada ki kira Reino." Na same shi ya shirya da kansa, kusan awa ya ɗauka, in ji shi, zif ne ya ba shi wuya. Hannun dama yana naɗe cikin wata ƙatuwar safa, na hagu cikin siririyar safar fata. Ba daji muka nufa ba. Bayan gidansa muka zaga muka sauka kan tafkin da ya daskare, inda masu babur ɗin ƙanƙara suka daddanne hanya. Faifai ɗaya ya ɗauko.

"Da hagu?" na ce.

"Akwai wani ne?"

"Kuma da safa?"

"Wannan bai taɓa riƙe faifai tsirara ba. Bai san abin da ya rasa ba."

Ya gyara tsayuwa, ya ga ƙafafun sun tsaya irin ta mai jifa da dama, ya juya su. Ya sake juyawa. Mutumin da bara yake jefa mita casa'in a tsakanin itatuwa, ga shi tsaye yana kallon ƙafafunsa yana tunanin wacce za ta fara. Ya ja hannu ya saki. Faifan ya tashi a karkace, ya yi tangaɗi, ya faɗi a gefensa, ya mirgina kaɗan ya kwanta.

"Auna," ya ce.

Na taka daga inda yake tsaye har wurin faifan ina ƙirgawa a zuci. Taku goma sha uku. Na sunkuya na ɗauka, na daɗe ina share shi, don ban so in juyo da fuskata yadda take.

"Nawa?"

"Ashirin."

"Irmeli."

"Sha uku."

Ya gyaɗa kai. "Sha uku," ya maimaita a hankali. Ya miƙo hannun hagu. "Kawo."